Bijiman Sajo da Fijon Malam Barmo

Tun ranar da Malam Barmo ya ce wa Sajo, mai neman auren ɗiyarsa, kada ya sake taka ƙofar gidansa, Hasiya ba ta ƙara yi wa mahaifinta doguwar magana ba. Daga gaisuwa sai "ga ruwa", sai "ga tuwo". Amma da maganar mota ta taso dole ta sauko, don duk fushin da take yi bai shafi Ƴar Gata ba.

Ƴar Gata Fijo ce, kat-san-kat mai dogon baya, fara tas, wadda ta girmi Hasiya nesa ba kusa ba. Da ita Malam Barmo ya ci ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja tsakanin Agiye da Maraɗi, da ita ya gina gida, da ita ya aurar da ƴaƴansa mata. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, don haka autarsa Hasiya ce ta tashi a gindin motar tana miƙa masa sifana. Kafin ta bar makarantar lakol ta iya canza taya, bara kuma ta ciro permin tuƙi, duk da bai taɓa barin ta ta fita da motar bayan gari ba.

To, bana ƙungiyar tsofaffin direbobin tashar Agiye ta shirya rali na tsofaffin motoci bayan an gama girbi. Ba tsere ba ne, tafiya ce ta nishaɗi: Asabar daga Gazawa zuwa Agiye, Lahadi daga Agiye zuwa Sae Sabuwa ta hanyar yashi. Duk mai tsohuwar motar da ke iya tari ta tashi an gayyace shi.

Tafiyar Asabar an yi ta lafiya. Hasiya na gefen mahaifinta, tana magana ƙasa-ƙasa kamar da kanta take.

"Kai, wanga rami na dama da girma yake."

"Dubi jakin can, ko gusawa ba ya yi."

Shi kuma sai ya kauce wa abin da ta ambata. An daɗe ana haka tsakaninsu. Ba ta taɓa tambayarsa abin da ya sa yake runtse ido in rana ta haska gilashi ba, shi ma bai taɓa faɗi ba.

Ranar Lahadi da hantsi tana ɗaura kallabi Inna Delu ta shigo ɗakin ta zauna bakin gado.

"Auta, yau ki saki fuska in Bashir ya yi maki magana."

"Inna, ai ina gaishe shi."

"Gaisuwa irin ta mai ciwon haƙori? Yaron nan mi ya rasa? Ɗan maƙwabcinmu ne, a gabanmu ya tashi, ga shagonsa na buhunan wake, ga gida ya gina katanga ɗaya da mu. Ko tari kika yi sai na ji."

Idanun Hasiya suka kawo ruwa.

"Inna, ban ce yana da aibi ba. Zuciyata ce ba ta wurinsa. Sajo mi ya yi maku? Ya zo da ladabi, ya durƙusa, Baba ya kore shi kamar wanda ya shigo sata."

"Bafillace ne, ɗiyata. Yau yana nan, gobe ciyawa ta ƙare ya kwashe ki sai arewa."

"Su Sajo sun fi shekara ashirin zaune kusa da Sae Sabuwa. Gona gare su, Inna, har rumbu."

"To, ki faɗa wa babanki," in ji Inna Delu, ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Ni dai na faɗi nawa."

Filin tasha ya cika ya batse. Masu kalangu na kiɗa, masu tallar gyaɗa da ƙanƙara na ratsa mutane, kowa ya ɗaga salula yana ɗaukar hoto. Ga Landiroba mai hayaƙi kamar ana toya tukwane, ga wata ƴar Rano da sai an tura ta take tashi, ga Boswaja ja da aka yi wa ado da kaba. Alhaji Mudi, shugaban ƙungiyar, yana ta kai-kawo da lasifika, babbar rigarsa na jan ƙasa.

Da Ƴar Gata ta shigo fili sai ihu ya tashi.

"Sai Barmo! Sai mai Ƴar Gata!"

Malam Barmo ya fito da hannu ta taga yana ɗagawa, hularsa a karkace. Duk fushin Hasiya sai da ta yi murmushi, don rabon da ta ga fuskarsa haka tun kafin ya ajiye jigila.

Bashir ya ƙaraso cikin farar shadda yana kaɗa makulli. Wata tsohuwar Marsandi ya aro wurin ubangidansa a Maraɗi, musamman don ya shiga ralin Malam Barmo ya gani. Ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya zagayo tagar Hasiya.

"Hasiya, ki taho ki shiga tawa mana. Kujerunta kamar gado."

"Na gode, ina tare da Baba."

Ya dubi hannunta, inda baƙin mai ya maƙale a gefen farce duk da lallen da ta sa.

"In Allah ya kai mu, hannun nan ba zai ƙara taɓa inji ba. Hutu kawai za ki yi."

"Wa ya ce maka na gaji?" ta ce, ta juya fuska.

Aka busa usur bayan azahar, motoci suka ɗau hanya ɗaya bayan ɗaya. Gonaki duk an sare gero, karmami a tattare, rumbuna sababbi sun yi jere a bakin ƙauyuka. Duk garin da suka ratsa sai mata sun fito suna guɗa, masu amalanke su ja gefe suna dariya. A wani ƙauye wata tsohuwa ta tare su da ƙwaryar fura, ta rantse a wannan motar aka kai ta ɗakin miji. Malam Barmo ya sha, ya yi ta ba ta labarin amaren da ya ɗauka, har sauran motoci suka wuce su.

Da suka koma hanya ransa fes, sai ya ce, "Kin ga yaron nan Bashir? Don ni ya aro motar nan. Yaro mai hankali."

Hasiya ta ci gaba da kallon hanya kamar ba ta ji ba.

"Da ke nike, Auta."

"Baba, Sajo ma mai hankali ne."

Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa.

"Na ce kada a ƙara ambatar sunan nan a gabana."

"Baba, ko laifi ɗaya ka faɗa mani da ya yi. Ɗaya tak. Wallahi in ka faɗa zan haƙura."

"Ni za ki titsiye? A cikin motata?" Ya buga sitiyari da tafin hannu. "Rufe mani baki! Kada in ƙara jin muryarki har mu isa!"

Ta rufe bakin. Ta juya kai wajen taga, hawaye na bin kumatunta suna ɗiga kan mayafi.

Rana ta karkata yamma, ta dawo gabansu sosai. Hasken ya cika gilashin. Sun kusa Sae Sabuwa, saura su ƙetare wata busasshiyar ƙorama, inda sawun motoci ya bi ta hagu kan ƙasa mai tauri. Hasiya na can tana goge ido, ba ta duba gaba ba.

Sai ta ji motar ta yi dama.

Ta ɗago kai, ta ga kututturen wani gawo na taho masu.

"Baba! Icce!"

Malam Barmo ya murɗe sitiyari da ƙarfi. Motar ta goge ƙaya, ta gangara cikin ƙoramar, ta nutse a yashi har gindi. Ya taka mai, tayoyin baya suka yi ta haƙa. Ya sa ribas, ya sake takawa. Wani wari ya tashi kamar ana ƙona fata, injin na kuka amma motar ko motsi.

"Baba, bari! Kuloci ne, ya ƙone!"

Ya kashe motar.

Ba a jima ba sai ga Marsandi. Ashe Bashir ya tsaya baya zuba ruwa a lagireto. Ya fito ya tsaya bakin ƙorama, yana duban yashin yana duban takalmansa.

"Subhanallahi! Baba, ba ku ji ciwo ba?"

"Lafiya lau," in ji Malam Barmo a gajarce.

"Da na ja ku, amma motar nan ta mutane ce, in ta nutse ban san mi zan ce ba. Hasiya ta taho mu tahi, in na isa sai in sa a nemo tarakta."

"Ka tahi kawai," Hasiya ta ce. "Ba na barin Baba shi kaɗai a daji."

Ya ce zai hanzarta, ya ja motarsa ya bi ta hagu ya wuce.

Daji ya yi tsit, sai kukan kurciya. Hasiya ta dubi mahaifinta, ta ga idonsa a kan gawon da suka kusa daka.

"Baba, ka yahe mani. Da ban yi shiru ba..."

"Ni na ce ki yi shiru."

Ya cire hula ya ajiye kan cinya. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, ba irin wadda ta sani ba.

"Ban ga iccen nan ba, Auta. Wallahi ban gan shi ba. Fari kawai nike gani, kamar an shanya mani zane a fuska."

Ta fashe da kuka.

"Na sani, Baba. Na daɗe da sani."

"Na san kin sani. Kina tsammani ban gane maganar rami da jaki ba?" Ya yi wata ƴar dariya wadda ta fi kuka ciwo. "Ko innarki ban faɗa mata ba. Direban da ba ya gani, mi ya rage mashi? Kin ce in faɗi laifin yaron nan. Ba shi da laifi. Ranar da ya zo na ji muryarsa, na san ɗan mutunci ne. Tsoro ne ya kama ni. In ya tahi da ke, wa zai ce mani ga rami? Bashir katanga ɗaya ne, ko da sanda na laluba na iske ki."

"Haba Baba!" Ta kama hannunsa da hannu biyu. "Don wannan ka bar ni ina kuka wata da watanni? Ka ɗauka akwai auren da zai sa in yar da kai? Ko bayan duniya aka kai ni ai sai na dawo."

"Haka kowace ɗiya ke faɗi."

"Ni ba kowace ɗiya ba ce. Ni ka koya wa ɗaure taya."

Ya sa gefen rigarsa ya share ido. Suka jima a haka, ita tana shessheƙa, shi yana shafa mata kai kamar lokacin da take ƴar ƙarama.

Suka yi alwala da ruwan jarka, suka yi la'asar a inuwar gawon. Babu tarakta, babu alamarta. Hasiya na ta juya salula a hannu. Can sai Malam Barmo ya yi gyaran murya, yana kallon wani gefe.

"Rugar tasu... da nisa daga nan?"

Ta ɗago kai da sauri.

"Ga ta can bayan tudun nan, Baba."

"To, ni dai ban ce a kira kowa ba."

Kafin ya rufe baki ta danna lambar Sajo.

Ƙarar ƙararrawar wuyan shanu suka fara ji. Sai ga Sajo ya ɓullo kan tudu, dogo, siriri, da malafa da igiya a kafaɗa, yana gaba da wasu manyan bijimai biyu da suka saba jan amalanke, ɗaya baƙi ɗaya ja. Bayansa wani dattijo mai farin gemu na tafe da sanda a wuya, mahaifinsa ne, Malam Jaye.

Sajo ko kallon inda Hasiya take bai yi ba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zube gaban Malam Barmo.

"Baba, sannu. Allah shi kiyaye gaba."

"Amin," in ji Malam Barmo, yana gyara hula da ba ta karkace ba.

Malam Jaye kuwa motar ya nufa. Ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa rufin da sandarsa, sai ya kece da dariya.

"La'ilaha! Wannan mota na san shi! Kai ne direban Agiye mai waƙa in ya hau tudu?"

"Ni ne."

"To, ka tuna ranar jajibirin wata Layya da ka ɗora wani Bafillace bisa rufi, ka sa ragon wani Alhaji a kujera?"

Malam Barmo ya buɗe baki.

"Kai ne?"

"Ni ne! Tun daga Agiye har Maraɗi rago yana leƙo ni ta taga yana tauna!"

Malam Barmo ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya faskara. Dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki, Malam Jaye na bubbuga masa kafaɗa. Hasiya ta rufe baki da mayafi. Nan ne Sajo ya saci kallonta, ta sakar masa harara ta wasa, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ita da shi suka haƙe yashin gaban tayoyi da hannu, suka shimfiɗa karan gero. Ta nuna masa ƙarfen da zai ɗaura igiya a ƙarƙashin motar.

"Ba nan ba, zai karye. Can ciki."

"To, mekanisiye," ya ce a hankali. "Kin yi kuka, Hasi."

"Yashi ne ya shiga idona."

"Yashin nan da ni yake zancen."

Da aka gama ɗauri Malam Barmo ya buɗe ƙofar direba. Ya tsaya riƙe da ita, ya ɗaga kai wajen rana, ya runtse ido. Sai ya saki ƙofar ya zagaya ɗaya gefen.

"Auta, shiga. Ke za ki riƙa."

"Ni, Baba?"

"Da wa nike? Ki cire giya, ki miƙe taya, kada ki taka burki sai na ce."

Hasiya ta zauna a kujerar da ta daɗe tana mafarki. Sajo ya tsaya gaban bijiman ya yi masu magana da Fillanci, ya kira sunayensu.

"Ɓaleri! Woɗeri! Hayya!"

Igiya ta miƙe. Bijiman suka duƙar da kai, suka kafa kofato. Ƴar Gata ta yi ƙara, ta girgiza, ta yi kamar ba za ta taso ba, sai ga ta ta fito daga ramin tana zubar da yashi.

"Allahu akbar!" in ji Malam Jaye.

Amma fitowa daban, tafiya daban. An tada inji, an sa giya, motar ta ƙi gusawa. Malam Barmo ya dubi rufin kwanon Sae Sabuwa da ke ƙyalli can gaba, ya girgiza kai.

"A bar ta nan. Ni Barmo ba na shiga gari shanu na ja na. Direbobi su yi mani dariya har in mutu?"

"Malam," in ji Jaye, yana buɗe ƙofar baya ya shige abinsa ya miƙe ƙafa, "ni kuwa yau sai na zauna kujeran nan da rago ya hana ni. In kai ba ka zuwa, sauka, mu mun tahi."

Haka aka kama hanya. Sajo a gaba da sanda, bijimai na taku ɗai-ɗai, Hasiya a sitiyari, dattawa biyu na gardama kan shekarar da aka yi waccan Layya. A cikin hirar ne Malam Jaye ya leƙa fuskar Malam Barmo da kyau.

"Yanar ido ce gare ka, ko? Wana ma ya yi shi. An kai shi likitan ido a Maraɗi, aka cire. Yanzu daga nan yana ƙirga maka kaska a jikin saniya."

"Ana cirewa?" Hasiya ta juyo da sauri.

"Dubi hanya!" dattawan suka ce a tare.

A filin kasuwar Sae Sabuwa an jera motoci, an gama jawabai, Alhaji Mudi na ta tambayar ina Barmo. Bashir na gefe yana waya, har lokacin mai tarakta bai samu ba. Sai wata mai tallar nono ta nuna gabas ta ƙwala ihu.

Kowa ya juya ya duba. Sannan dariya ta ɓarke kamar an fasa dam. Mutane suka kwasa a guje suka yi wa motar rakiya, masu kalangu suka shiga gaban bijimai suna kiɗa, mata na rangaɗa guɗa. Malam Barmo ya nutse cikin kujera ya ja hula ya rufe fuska.

"Na faɗa maku. Na shiga uku."

Sai aka ji oda. Direban Landiroba ne ya danna. Mai Boswaja ya amsa, mai Rano ya bi, kafin ka ce haka duk tsofaffin motocin sun ɗauka gaba ɗaya. Tsofaffin direbobi suka jeru suna sara masa kamar jandarmomi.

"Baba, ɗago ka ji," Hasiya ta ce tana dariya, hawaye na zuba. "Ba dariyar reni ba ce. Gaishe ka suke."

Alhaji Mudi ya kafa lasifika a baki.

"Jama'a! Mun ce kowa ya iso da motarsa, ba mu ce da wane irin mai ba! Ga Barmo ya zo da mai cin ciyawa!"

Aka sake kwashewa. Malam Barmo ya fito a hankali, ya dafa motar, ya miƙa hannu aka ba shi lasifikar.

"Na gode, ƴan'uwa. Yau ce ranar ƙarshe da na riƙa sitiyari, sai in likita ya gyara mani ido. Daga yau direban Ƴar Gata ga ta nan, ɗiyata Hasiya." Ya dakata guɗa ta lafa. "Yaron nan kuma mai shanu, ina yake?"

Sajo ya taho ya durƙusa, malafa a hannu. Malam Barmo ya sauke lasifikar, don wannan maganar ba ta fili ba ce.

"Na kore ka ba da hakki ba. Amma ka ji, ɗiyar nan ita ce idona."

"Baba, ni ba raba ku na zo yi ba," in ji Sajo, kansa a ƙasa. "Mu nan muke zaune, ba inda za mu. Kuma nononmu kullum tsami yake kafin ya kai kasuwar Agiye. Mota muke nema da direba."

"Ka ji ɗan banza! Ashe motar yake so!" Malam Barmo ya kai masa dukan wasa da hula. Ya juya wajen Malam Jaye. "Malam, ranar Juma'a ina gida. In kun ga dama ku taho da manyanku."

Hasiya ta kifa kai a sitiyari, kafaɗunta na rawa. Ita kanta ba ta san ko kuka take ko dariya ba.

Salularta ce ta katse ta. Inna Delu.

"Auta! Albishirinki!" Muryar Inna har rawa take don murna. "Bayan tahiyarku baffannin Bashir suka zo da goro da alewa da akwati. Na ce babanki ba ya nan, suka ce ai sun san ra'ayinsa. Na amsa, har na fara rabon goro a unguwa!"

Hasiya ta sauke salular daga kunne. Ta ɗaga ido, ta hango Bashir jingine da Marsandi yana kallon ta. Da suka haɗa ido ya kawar da kai. Ashe ya san da zuwan tun safe.

Ta fito da ƙyar ta je ta raɗa wa mahaifinta. Sajo ya ga yadda fuskarta ta canza, ya miƙe tsaye, malafar ta suɓuce daga hannunsa.

Malam Barmo ya shafa gemu. Goro ya shiga unguwa, maƙwabci ne na shekara da shekaru, ga Delu da ba a taɓa sa ta mayar da abin da ta karɓa ba. Duk Hasiya ta san wannan, shi ya sa ta ƙura masa ido ko ƙiftawa babu.

"Mudi!" ya ƙwala kira. "A cikin mutanen nan wa ke da kulocin kat-san-kat?"

"Akwai a garejina. Lafiya?"

"A ɗaura mani shi gobe da sassafe." Ya laluba ya kamo hannun ɗiyarsa ya damƙa mata makullin. "Share hawayenki, Auta. Akwatin nan ni zan mayar da shi da hannuna, in ba mutane haƙuri da bakina. Ke dai ki kai ni gida lafiya, don faɗan da ke jirana wurin innarki ya fi yashin ƙoramar can zurfi."